Daga Wace Jami'a Masu Neman Zama Lauya a Amurka Suke Fitowa?

A wani ɗan gari da ake kira Newtown a jihar Pensilbaniya akwai ofishin hukumar da ke shirya jarrabawar shiga makarantun lauyoyi a Amurka, wadda aka fi sani da LSAC. Kusan duk mai son karanta lauya a ƙasar sai takardunsa sun bi ta hannunta, don haka ta san jami'ar da kowa ya yi digirinsa na farko. Daga wannan ƙididdiga take fitar da jerin jami'o'i 240 da suka fi turo masu neman gurbi. Ka samu wanda bai taɓa ganin jerin ba, ka ce ya cinko maka na sama, Harvard zai fara kira, ya biyo da Yale da Princeton, domin su ne sunayen da kunne ya saba ji. Da zai buɗe takardar kuwa, abin da zai tarar daban ne: Jami'ar Fulorida da ke Gainesville, da UCLA ta birnin Los Angeles, da Jami'ar Teksas da ke Austin, da Florida State ta Tallahassee, ga irin su Berkeley da Jami'ar Mishigan da Central Florida da Florida International suna biye. Shekara da shekaru irin waɗannan ne ke karɓa-karɓar kujerun gaba, kowace tana tura ɗaruruwan masu nema a shekara guda. Dukkansu jami'o'in gwamnatin jiha ne.

Na daɗe ina juya wannan jeri a raina, saboda mutum biyu na iya karanta shi kowa ya tashi da nasa kuskuren. Ɗaya ya ce ashe nan ce hanyar zama lauya, bari in tura ɗana can. Ɗayan ya yi tsaki ya ce ai yawan kai ne kawai, babu abin dubawa. Ni a ganina jerin yana faɗin wata gaskiya mai nauyi game da masu ƙwanƙwasa ƙofar aikin lauya a Amurka. Abin da bai ce uffan a kai ba shi ne wa ake buɗe wa, kuma wane ɗaki ake shigar da shi.

Sai an fara sanin abin da ya sa tambayar ma take da ma'ana. A Najeriya yaro kan gama sakandare ya zauna JAMB, ya shiga tsangayar shari'a kai tsaye, ya yi shekara 5, sannan ya wuce makarantar lauyoyi a Bwari ko Bagauda ko Yola. A Amurka babu wannan hanya. Lauya a can karatun bayan digiri ne. Sai ka fara yin shekara 4 a wani fanni, tarihi ne ko ilimin siyasa ko lissafi ko ma kiɗa, ka karɓi takardarka, sannan ka nemi shiga ɗaya daga cikin makarantu kusan 200 da ƙungiyar lauyoyin ƙasar, ABA, ta amince da su. Can za ka ƙara shekara 3 ka fito da digirin da suke kira JD, bayansa kuma ga jarrabawar lasisi ta jihar da kake son yin aiki. Shekara 7 ke nan bayan sakandare idan ba a dakata a tsakani ba, kuma da yawa sukan dakata su ɗan yi aiki.

Da can ba haka abin yake ba. Abraham Lincoln bai taɓa zama a ajin koyon lauya ba, littattafai ya aro ya karanta da kansa, aka ba shi lasisi a Illinois a 1836. Koyon lauya a lokacin kamar koyon ɗinki ne ko ƙira, ka zauna a gaban mai sana'a har hannunka ya faɗa. Sauyi ya faro ne daga Harvard bayan da Christopher Langdell ya zama shugaban makarantar lauyoyinta a 1870. Ya mai da karatun ya koma nazarin hukunce-hukuncen kotu, aka tsawaita shi zuwa shekara 3, daga baya aka ce sai mai digiri za a ɗauka. A 1921 ABA ta nemi a wajabta aƙalla shekara 2 ta jami'a kafin shiga, a hankali biyu ta zama uku, uku ta zama huɗu. Masana tarihin sana'ar sun nuna cewa ba neman inganci kaɗai ya jawo haka ba, akwai kuma son tsuke ƙofa ga 'ya'yan baƙi da na talakawa da ke cika makarantun dare na manyan birane a wancan zamani. Har yau akwai jihohi ƙalilan, kamar Kalifoniya da Bajiniya da Vermont, da ke barin mutum ya koya a ofishin lauya ya zauna jarrabawar lasisi, amma masu bin wannan hanya ba su taka kara sun karya ba. Ga kowa da kowa, jami'ar digirin farko ta zama mashigin dole.

Ga yadda takardun ke tafiya. Ɗalibi zai yi rajista da LSAC, ya sa duk makarantar gaba da sakandare da ya taɓa zama ta aiko da sakamakonsa. Hukumar ba ta dogara da lissafin jami'arsa. Da kanta za ta sake tattara makin kowane kwas ta fitar da nata matsakaicin, har da kwas ɗin da ya faɗi a shekarar farko ya maimaita, wanda wataƙila shi ya ɗauka an manta da shi. Sai ta haɗa da makin LSAT, jarrabawar shiga makarantun lauyoyi da aka fara yi a 1948, wadda makinta ke tashi daga 120 ya tsaya a 180, ta ɗora wasiƙun da malamansa suka rubuta. Wannan ƙunshi ake aika wa kowace makaranta da ya nema. A ciki akwai sunan jami'ar da ta ba shi digiri, kuma da wannan suna ake ƙirga shi a jerin. Ko an ɗauke shi ko an ƙi shi, ko 175 ya ci ko 140, kai ɗaya ne.

Saboda haka abu na farko da jerin ke aunawa shi ne girman jami'a. Central Florida da ke Orlando tana da ɗalibai kusan 70,000. Jami'ar Teksas ta Austin ta haura 50,000, haka ma Jami'ar Fulorida. Masu digirin farko a UCLA sun wuce 30,000. Harvard kuwa masu digirin farkonta wajen 7,000 ne, Yale ba ta kai haka ba, Princeton ba ta kai Yale ba, ita kuma kwalejin Amherst da ake ji da ita a Massachusetts duka-duka kusan 2,000 ce. Mu yi lissafin misali, ba na wata makaranta takamaimai ba. Jami'ar da ke yaye mutum 10,000 a shekara, 700 daga ciki suka nemi lauya, bakwai cikin ɗari ke nan. Kwalejin da ke yaye 500, mutum 60 suka nema, goma sha biyu cikin ɗari. A jerin LSAC ta farko za ta haye sama, ta biyu sai an yi ta gangarawa kafin a ganta, alhali a harabarta aka fi jin hirar lauya a wajen cin abinci. Girman jami'o'in jihohi kuma ba daga sama ya faɗo ba. Dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye su kafa jami'o'in noma da sana'a, dokar 1944 ta tallafa wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ta kwararo musu ɗalibai, kuma a yau wajen kashi uku cikin huɗu na masu karatun gaba da sakandare a matakin farko a makarantun gwamnati suke.

To amma idan girma ne kaɗai, me ya sa Fulorida ta cika jerin haka? Jihohi biyu sun fi ta mutane nesa ba kusa ba, Kalifoniya mai kusan miliyan 39 da Teksas mai sama da miliyan 30, ita kuwa wajen miliyan 23 ce. Duk da haka jami'o'inta huɗu ne ke yawo a sahun gaba. Akwai wasu jami'o'i a tsakiyar ƙasar masu yawan ɗalibai kamar nasu, amma da yake ƙarfinsu a injiniya da noma yake, ba sa tura adadi irin wannan. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalili ɗaya shi ne yadda jihar ta tara 'ya'yanta. Jami'o'in gwamnati 12 kawai gare ta, don haka kowace sai ta kumbura. Wani dalilin kuɗi ne, kuma shi na fi ba nauyi. Ɗan jiha yana biyan wajen dala 6,400 a shekara a Jami'ar Fulorida, ɗaya daga cikin mafi araha a faɗin ƙasar, a lokacin da manyan jami'o'i masu zaman kansu ke cajin sama da dala 60,000. Tun 1997 jihar ke da wani tallafin karatu mai suna Bright Futures, da ake biya daga kuɗin cacar gwamnati, wanda ke ɗauke wa ɗalibi mai ƙoƙari yawancin kuɗin makaranta ko ma dukansa. Jojiya ta riga ta fara irinsa a 1993, kuma jami'arta da ke Athens ita ma takan tura masu nema da yawa. Yaron da ya gama digirin farko ba bashi a wuyansa yana da ƙarfin zuciyar cin bashin shekara 3 na lauya. Wanda ya fito da kaya niƙi-niƙi a ka sai ya yi tunani sau biyu. Ga kuma makarantun lauyoyi sama da goma a cikin jihar, ba sai mutum ya bar gida ba.

A ɗauki misalin wata yarinya a Miami, iyayenta sun zo daga Kuba ko Honduras. Tun tana 'yar shekara 12 ita ke karanta wa mahaifinta wasiƙun hukumar shige da fice a kan teburin kicin, ita ke raka shi ofishin lauya ta zauna tsakaninsu tana juya magana daga Turanci zuwa Sifaniyanci, tana kallon yadda hannun mahaifin ke rawa idan aka miƙo masa takardar sa hannu. Irin wannan yarinya ba sai wani ya gaya mata amfanin lauya ba. Ta fara karatu a kwalejin shekara 2 ta unguwarsu saboda nan ne kuɗi ya fi sauƙi, tana aiki a kanti da yamma, sannan ta koma Florida International, inda fiye da rabin ɗalibai 'yan asalin Latin Amurka ne, ta ƙarasa. Littafin shirin LSAT a mota take karanta shi kafin lokacin shiga aiki. Jerin zai ƙirga ta a Florida International, kwalejin da ta fara ɗaukarta ba za ta fito ba ko a ƙasan shafi. Haka abin yake a UCLA da Berkeley da Central Florida, inda dubban ɗalibai ke shigowa a shekara ta uku daga irin waɗannan kwalejoji.

Wannan ne ya sa ba na tare da mai tsakin nan. Amurka tana da lauyoyi wajen miliyan 1.3. Mai kare wanda ake tuhuma da ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, da mai gabatar da ƙara a ƙaramar kotu, da mai rubuta wasiyya da takardar cinikin gida, da mai bin haƙƙin ma'aikacin da inji ya cinye wa yatsa, galibinsu daga irin waɗannan manyan jami'o'in jiha suka fito. Su ne lauyoyin da talakan Amurka ke gani ido da ido. Jerin da ke nuna inda suke tasowa ya cancanci a dube shi da mutunci.

Idan aka juya lissafin zuwa kashi cikin ɗari, wasu sunaye na daban ke tasowa. Akwai ƙananan kwalejoji masu tsada na arewa maso gabas, da jami'o'in birnin Washinton irin su Georgetown da George Washington, inda siyasa da shari'a su ne iskar da ake shaƙa. Akwai kuma jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata a zamanin da aka hana su shiga na Turawa: Howard a Washinton, da Spelman ta mata da Morehouse ta maza a Atlanta, da Florida A&M. Spelman ba ta da ɗaliban da suka kai ko kashi ɗaya cikin ashirin na Central Florida, don haka ba za ta taɓa zama ta ɗaya a ƙirgen kawuna ba. Amma a ƙasar da baƙar fata suka haura kashi 13 cikin ɗari na jama'a, lauyoyinsu kuwa wajen kashi 5 ne kawai, kowane ɗalibi da irin wannan makaranta ta tura yana da nauyin da lambar ba ta nunawa.

Tarihin Thurgood Marshall ya isa shaida. Ya gama digirin farko a 1930 a Jami'ar Lincoln ta Pensilbaniya, 'yar ƙaramar makarantar baƙar fata wadda Nnamdi Azikiwe ma ya yi karatu a cikinta a wannan zamani, Kwame Nkrumah ya biyo baya ya gama a 1939. Makarantar lauyoyi ta Jami'ar Maryland tana cikin garinsu, Baltimore, amma ba ta ɗaukar baƙar fata. Sai ya riƙa hawa jirgin ƙasa kullum zuwa Howard, mahaifiyarsa ta jinginar da zobban aurenta don biyan kuɗin shiga. Ya fito na ɗaya a ajinsu a 1933. Ba a yi shekara uku ba ya kai Jami'ar Maryland ƙara a madadin wani ɗalibi baƙar fata, kotu ta tilasta mata buɗe ƙofa. A 1954 ya yi nasara a shari'ar Brown da ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati, a 1967 ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli. Da a ce ana fitar da jerin nan a 1930, da Lincoln tana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Makarantun nan kusan 200 ba ɗaya suke ba. Akwai guda goma sha huɗu da aka saba warewa a sama, a saman su kuma Yale da Stanford da Harvard. Yale tana ɗaukar wajen mutum 200 a shekara, Stanford ƙasa da haka kaɗan, Harvard wajen 560. Matsakaicin makin LSAT na waɗanda suke ɗauka ya haura 170, alhali matsakaicin mai zaman jarrabawar wajen 150 da ɗoriya yake samu. Idan aka duba daga ina waɗannan ɗalibai ƙalilan suka fito, sai jerin farko ya kife. Gaskiya ne Harvard takan ɗebo daga jami'o'i sama da ɗari a aji guda, kuma tana alfahari da haka. Sai dai yawancin jami'o'in mutum ɗaya ko biyu suke samu, kaso mai tsoka yana tafiya ga 'yan makarantun da kowa ya sani.

A dubi Kotun Ƙolin ƙasar mai alƙalai 9. John Roberts da Ketanji Brown Jackson a Harvard suka yi digirin farko, a nan suka karanta lauya. Brett Kavanaugh Yale ce gaba da baya. Neil Gorsuch daga Columbia ya tafi Harvard. Samuel Alito da Sonia Sotomayor da Elena Kagan, su ukun duk Princeton suka yi, jami'ar da ba ta ma da makarantar lauyoyi, biyun farko suka wuce Yale, Kagan ta wuce Harvard. Clarence Thomas daga kwalejin Holy Cross ya shiga Yale. Amy Coney Barrett kaɗai ce ba ta bi ta Harvard ko Yale ba, ta yi kwalejin Rhodes a Memphis sannan Notre Dame. A cikin su taran babu ko ɗaya da ya yi digirin farko a jami'ar gwamnatin jiha. Jami'o'in da suka mamaye jerin masu nema ba su da wakili ko ɗaya a kan wannan benci. Wannan abu yana damuna, domin kotun da ke yanke hukunci a kan bashin ɗalibai da haƙƙin ma'aikata da makomar baƙin haure ta taso ne daga wani siririn bututu, ga kuma kogi guda yana wucewa ta gefe.

Shin sunan jami'a ne ke buɗe ƙofar? Jami'an ɗaukar ɗalibai za su ce a'a, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Abu biyu ne suka fi komai nauyi a takarda, makin LSAT da matsakaicin makin digiri. Shekaru da dama mujallar US News tana jera makarantun lauyoyi, kuma waɗannan lambobi biyu na cikin abin da take aunawa, ba ta tambayar daga wace jami'a ɗalibin ya zo. Don haka ɗan Florida State mai maki 174 da sakamako mai kyau yana iya doke ɗan Princeton mai 165, kuma hakan na faruwa kowace shekara. Yale da Harvard sun janye haɗin kansu da mujallar a Nuwamban 2022, suna cewa ma'auninta yana cutar da ɗaliban da ba su da hali, amma lambobin ba su daina mulki ba.

Matsalar tana faruwa ne tun kafin a zo ga lambobin. Manyan jami'o'i masu tsada sun riga sun tace ɗalibansu tun daga sakandare, sun ɗebi waɗanda suka ƙware a irin wannan jarrabawa. Sannan a kwalejin da malami ke da ɗalibai 15 a aji, wasiƙar da zai rubuta maka ta wanda ya san ka ce, ya karanta rubutunka, ya yi musu da kai. A zauren lacca mai mutum 400 malamin ko sunanka bai sani ba, sai ka yi ta sintiri a ofishinsa kafin ya gane fuskarka. Ga kuɗin darasin shirin jarrabawa, ga damar zama wata uku ba aiki ana karatu, ga yayye da kawunnai lauyoyi da za su gaya maka cewa a nemi gurbi tun watan Satumba ko Oktoba domin ana ɗauka ne a hankali har kujeru su ƙare. Yarinyar nan ta Miami ba ta da ko ɗaya daga ciki, sai naci. Fannin karatu ma yana da tasiri. Ilimin siyasa shi ne ya fi kowane fanni turo masu nema, amma a matsakaicin makin LSAT masu lissafi da falsafa da tattalin arziki sukan fi, masu nazarin laifuka da aikin 'yan sanda kuma sukan zo a baya, alhali wannan fannin ne 'ya'yan talakawa da yawa ke ɗauka da zaton shi ne hanyar lauya. ABA da kanta ta ce babu wani fanni da ta fifita. Sau da yawa babu wanda ya isar musu da wannan magana da wuri.

Ɗan Najeriya ko Gana da ya riga ya yi digirin shari'a a gida ba ya cikin wannan lissafi. Galibi digiri na biyu na shekara guda yake zuwa yi, wanda jihohi kamar New York ke karɓa a matsayin hanyar zaman jarrabawar lasisi.

Bambancin ɗakin da aka shigar da kai ba na suna kaɗai ba ne, a aljihu ake jin sa. Albashin sababbin lauyoyi a Amurka tudu biyu gare shi, kwari a tsakani. Manyan kamfanonin lauyoyi na New York da takwarorinsu sun kai albashin shekarar farko dala 225,000 a 2024, kuma daga manyan makarantu suka fi ɗiba. Mafi yawan sauran kuwa suna farawa ne a ƙasa da rabin haka, wasu a kashi ɗaya cikin uku. Kuɗin makaranta bai san wannan bambanci ba sosai: manyan makarantu suna cajin sama da dala 70,000 a shekara, wasu na ƙasa-ƙasa masu zaman kansu ma ba su da araha, kuma bashin da ya haura dala 100,000 ya zama ruwan dare ga mai gama lauya. Jami'ar da ta tura mutum 700 tana iya yin alfahari, amma tambayar da ya kamata iyaye su yi mata ita ce nawa aka ɗauka, a ina, da wane tallafi, kuma nawa suka ci jarrabawar lasisi.

Yawan masu nema shi kansa hawa da sauka yake yi da yanayin ƙasa. Ya kai wajen 100,000 a 2004. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 matasa suka ruga makaranta don fakewa, har sababbin ɗaliban lauya suka haura 52,000 a 2010. Da aka gane ayyukan babu, kasuwa ta watse, masu nema suka sauko wajen 55,000 a 2015, wasu makarantu suka rufe. Daga baya rigingimun siyasa da shari'o'in zamanin Trump suka sake jawo hankalin matasa, kuma a 2025 masu nema sun haura 70,000. A 2016 mata suka fara rinjayar maza a makarantun lauyoyi, kuma ba su sauka ba. Duk wannan hawa da sauka, sunayen da ke saman jerin ba su cika sauyawa ba, lambobin da ke gabansu ne ke kumbura su sace.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan za su taɓa masu fitowa daga waɗannan jami'o'i fiye da kowa. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, abin da ta halatta a 2003 a shari'ar makarantar lauyoyi ta Mishigan. Kalifoniya ta riga ta hana a jami'o'inta tun 1996, Fulorida ta bi sahu 'yan shekaru bayan haka, yanzu kuwa hanin ya game ƙasa. A ajin farko da Harvard ta ɗauka bayan hukuncin, sababbin ɗaliban lauya baƙar fata sun sauko daga 43 zuwa 19. Na biyu shi ne dokar kasafi da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta soke tsarin da ke barin ɗalibin lauya ya ci bashin gwamnatin tarayya har iya abin da karatun zai ci. Daga Yulin 2026 sabon ɗalibi ba zai samu fiye da dala 50,000 a shekara ba, jimla 200,000. Wanda mahaifinsa ke da hali zai cike giɓin daga gida. Yarinyar Miami, ko da ta ci 172 wata babbar makaranta ta kira ta, sai dai ta samu tallafin makarantar, ko ta je banki neman bashi mai tsadar ruwa wanda sai da mai tsaya mata, ko kuma ta zauna a makarantar jiharsu mai araha. Ko wanne ta zaɓa, a jerin LSAC za a rubuta ta kai ɗaya a gaban sunan Florida International.